Farin Dalma, Farin Tutiya da Farin Titaniyam: Wanne Ke Jure Yanayin Arewacin Kamaru?

A cikin dukkan launukan da mai zane da fentin mai yake matsawa a kan allonsa, babu wanda ke ƙarewa da wuri kamar fari, domin da shi ake sassauta kowane launi, da shi ake ɗaga haske, kuma sau da yawa shi ne ke shimfiɗe a ƙarƙashin zanen gaba ɗaya tun kafin a ɗora komai. Shi ya sa kamfanonin fenti suke sayar da shi a manyan bututai alhali sauran launuka suna zuwa a ƙanana, kuma shi ya sa ƙarkon zane, wato ko zai kai shekara 50 lafiya ko zai fara tsattsagewa tun mai shi yana da ƙuruciya, ya rataya a kan irin farin da aka zaɓa fiye da kowane launi. A arewacin Kamaru al'amarin ya fi nauyi, saboda abin da ido ke gani a can fari ya yi masa yawa: manyan riguna da rawuna a ranar hawan Lamiɗon Garwa, fararen shanun Fulani, tulin auduga bayan kaka, da hazon hunturu da kan lulluɓe duwatsun Mandara har mai tsaye a Kolofata ya kasa rarrabe dutse da sararin sama.

Kolofata gari ne a gundumar Mayo-Sava ta jihar Arewa Mai Nisa, yamma da Mora, 'yan kilomitoci kaɗan daga iyakar Najeriya, inda Barebari da Mandarawa da Larabawan Shuwa da fatake Hausawa suke cuɗanya. Kayan sana'a irin su fenti da burushi suna isa wannan yanki ta hanya biyu, ko dai su taso daga Duwala su biyo ta Ngaundere da Garwa da Marwa, ko kuma su fito daga Maiduguri ta Bama da Banki da Amchide, hanyar da rikicin Boko Haram ya sha toshewa tun daga 2014. Wanda ke zaune a ƙarshen wannan doguwar hanya, ko mai rubuta allunan shaguna ne, ko mai ƙawata manyan motoci, ko ɗalibin da ya dawo hutu, yakan sayi abin da ya tarar ne a kanti. Duk da haka koyar da zane yana ƙara kafuwa a arewa, tun da yake Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 ta buɗe sashen fasahar zane da kayan gado, ita kuma Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da cibiya ta musamman ta fasahar zane-zane da ƙirƙira, kuma matasan da za su fito daga waɗannan makarantu sun cancanci su san abin da ke cikin bututun da suke kashe kuɗinsu a kai.

Hodar fari ba ta da launi a karan kanta. Ƙwayoyinta ƙananan duwatsu ne garai-garai waɗanda haske ke ratsawa, kuma farin da ake gani yana fitowa ne daga yadda suke watsa hasken da ya faɗo musu ta kowace fuska. Ƙarfin wannan watsawa ya dogara da tazarar da ke tsakanin ƙwayar da abin da ya kewaye ta wajen karkatar da haske, tazarar da masana kimiyya suke aunawa da lamba: ta iska 1 ce, ta man fenti kusan 1.5, ta alli da farar ƙasa tsakanin 1.5 da 1.6, ta farin dalma da farin tutiya kusan 2, ta farin titaniyam kuwa takan kai 2.7. A cikin waɗannan lambobi ne amsar tambayar da ɗalibai suka fi yi take, wato me zai hana a niƙa farar ƙasar gida a kwaɓa da mai a huta da sayen na kanti. Duk wanda ya taɓa shafe ɗaki da farar ƙasa ya ga yadda bangon yake dishi-dishi yana jiƙe, sai ya bushe sannan ya haska, domin ruwa ya tafi, iska ta dawo tsakanin ƙwayoyin. Mai kuwa ba ya tafiya, yana nan har abada, kuma tun da lambarsa da ta farar ƙasa kusan ɗaya ce, haske yakan ratsa su biyun ba tare da ya watsu ba, abin da ke kan burushi ya fito ruwan toka mai shara-shara wanda ba ya rufe komai.

Wannan bai sa farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina, ko dutsen farar ƙasa da mabul na Figil da ke kan hanyar Garwa zuwa Marwa, sun zama marasa amfani ga mai zane ba. Muhallinsu shi ne shimfiɗar ƙasa, wato farin da ake fara shafa wa katako kafin a ɗora fenti, inda ake kwaɓa garin alli da gam ɗin da aka dafa daga tarkacen fata, a shafa sau da yawa, a goge har ya yi sumul. Haka masu zanen Holand da Jamus suka yi ɗaruruwan shekaru, kuma gari irin Marwa da ya shahara da jima ba zai rasa tarkacen fata ba. Illa iyaka wannan shimfiɗa ta katako ce mai tauri, domin a kan ƙyallen da za a naɗe takan karye, kuma laimar damina takan kumbura gam ɗin.

Man da ake kwaɓa hodar da shi ma yana da nasa sharaɗin. Fentin mai ba ya bushewa ta hanyar tsanewa. Yana shan iskar oksijin ne a hankali, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna har ruwan ya rikiɗe ya zama fata mai tauri, kuma mayukan da ke iya yin haka kaɗan ne. Na gaba a cikinsu shi ne man linsid, wanda ake tatsa daga irin tsiron da ake saƙa yadin kittani da zarensa. Man gyaɗa ba ya bushewa ko an jira shi shekara, man angurya kuma, irin wanda kamfanin SODECOTON mai hedkwata a Garwa yake tacewa don girki, yana tsayawa ne rabi da rabi, ya bar fenti yana danƙo yana kama ƙura. Aibin linsid shi ne komawa rawaya, abin da ya fi bayyana a kan fari, musamman idan an ajiye zanen a duhu, kamar yadda akan yi a ƙasar zafi inda ɗaki ke yini a rufe. Mai zanen da ya ɗauko aikinsa daga bayan ƙofa ya ga farin ya yi ruwan ɗorawa kada ya yi gaggawar sake shafa shi, domin yawancin wannan rawaya takan washe idan an jingine zanen 'yan makonni a inda hasken rana ke shiga ba tare da ya doke shi kai tsaye ba. Don gudun rawayar ne kamfanoni da yawa suke kwaɓa fararensu da man safulawa ko man walnot, waɗanda suka fi haske amma suka fi jinkirin bushewa, kuma fatar da suke yi ba ta kai ta linsid ƙarfi ba, saboda haka farin safulawa na shafar ƙarshe ne, bai kamata a gina zane a kansa ba.

Farin dalma shi ne dattijo a cikin ukun. Masanin Girka Theophrastus ya bayyana yadda ake yin sa tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har zuwa ƙarni na 19 shi kaɗai ne farin da ke rufe abu sosai a cikin mai, ta yadda kowane farin mayafi da kowane ƙyallin goshi a zanen Titian da Velázquez da Rembrandt da Vermeer dalma ce. Hanyar da mutanen Holand suka shahara da ita tana da ban mamaki saboda sauƙin kayanta: akan naɗe siraran fallayen dalma a sa a tukwanen ƙasa waɗanda aka zuba wa ɗan ruwan khal a gindi, a jera tukwanen hawa-hawa a cikin rumfa, a cika tsakaninsu da kashin doki ko ɓawon itacen da majema suka gama aiki da shi, sannan a rufe rumfar kusan wata 3. Ɗumin takin yana tayar da tururin khal ya ci dalmar, iskar da ke fita daga ruɓewar takin kuma ta mayar da abin da aka ci ya zama farin ɓawo, wanda za a kankare, a wanke, a niƙa. Ƙwayoyin da ke fitowa ta wannan hanya ba girmansu ɗaya ba, wasu manya wasu ƙanana, kuma hakan ne ke ba fentin halinsa a ƙarƙashin burushi.

Wanda ya ɗauki bututun farin dalma zai fara jin nauyinsa a hannu, domin hodarsa ta kusa ninka nauyin ruwa sau 7, alhali ta titaniyam sau 4 ce da ɗan ɗoriya. Idan an matsa shi yakan fito da yauƙi, ya bi burushi yana jan zare, ya tsaya a tudun da aka ajiye shi ba tare da ya baje ba. Farinsa mai ɗumi ne, yana ɗan karkata zuwa launin madara, kuma ba ya danne launin da aka gauraya shi da shi, ta yadda ja yakan yi haske amma ya ci gaba da zama ja. Yana bushewa cikin kwana 1 ko 2, abin da ke da daraja ƙwarai a lokacin hunturu sa'ad da kowace rana ta jinkiri ke nufin ƙarin ƙura a kan ɗanyen fenti. Mafi girman falalarsa kuwa ita ce yadda dalmar ke haɗuwa da man su yi fata mai ƙarfi wadda ke lanƙwasa ba ta karye ba, shi ya sa a tsofaffin zane-zane wuraren da suka fi haske su ne sau da yawa suka fi zama lafiya, yayin da duhun da ke gefensu ya tsattsage. Dalma tana tare hasken na'urar ɗaukar hoton ƙashi, don haka masu bincike a gidajen tarihi suke iya ganin hannun da mai zane ya goge ko fuskar da ya sauya shekara 400 da suka wuce. Yana da nasa rauni: yakan ƙara shara-shara da tsufa har abin da ke ƙasa ya leƙo, kuma inda babu mai da zai kare shi yakan yi baƙi, kamar yadda ya faru da zanen bangon da Cimabue ya yi a cocin Assisi na Italiya wajen 1280, inda fararen fuskoki suka koma duhu.

Sai dai dalma guba ce, kuma Hausawa sun san haka da hawaye tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta kashe yara fiye da 400. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse abin da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsewa, cutar kuma tana sauka ne a ƙwaƙwalwa inda ba ta warkewa. Faransa ta yi dokar hana farin dalma a fentin gine-gine a 1909, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya a kansa a 1921 wadda ta togace masu zanen fasaha, Amurka ta hana shi a fentin gida a 1978. A Kamaru wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda ƙungiyar CREPD ta Yawunde ta sa hannu a ciki, ya gano cewa kusan kashi 2 cikin 3 na sababbin fentin da aka gwada sun haura kashi 90 cikin miliyan na dalma, kuma a watan Satumba na 2017 gwamnati ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da fentin da ya wuce wannan iyaka. A ɗakin zane na makaranta, inda akwai famfo da safar hannu da wurin zubar da tsumma, ƙwararre yana iya sarrafa farin dalma ba tare da haɗari mai yawa ba, tun da hodar tana ɗaure a cikin mai. Amma a gidan da zaure ne wurin aiki, yara na shiga suna fita, ruwa sai an ɗebo, abinci kuma da hannu ake ci a akushi ɗaya, babu kyan zanen da ya kai a shigo da shi, balle wasu yaran tuni suna ɗauke da dalma daga wani nau'in kwalli da ake sa musu tun suna goye.

Neman tsira daga wannan guba ne ya haifar da farin tutiya. Masanin sinadarai Guyton de Morveau ya ba da shawararsa a Dijon a 1782, kamfanin Winsor & Newton na Landan ya fitar da shi a fentin ruwa a 1834, sannan wani ɗan kwangilar fenti a Paris mai suna Leclaire, wanda ya ga yadda dalma ke nakasa ma'aikatansa, ya samo hanyar sa shi ya bushe a cikin mai a tsakanin 1835 da 1844. Farin tutiya mai sanyi ne, yana ɗan karkata zuwa shuɗi, irin hasken da farar shadda ke yi idan mai wanki ya ɗauraye ta da bula. Shi ne mafi shara-shara a cikin ukun kuma mafi ladabi wajen gauraya, ana iya zuba shi da yawa launi bai mutu ba, don haka babu farin da ya fi shi iya kama hazon hunturu, wancan siririn mayafi da ke sa dutse mai nisa ya yi shuɗi-shuɗi ba tare da ya ɓace ba. Ba ya cutar da mai aiki da shi, ba ya yin baƙi, kuma a ranar da aka gama zane babu wanda ya kai shi kyau.

Aibinsa sai bayan shekaru yake fitowa. Masu bincike biyu na cibiyar Smithsonian ta Amurka, Marion Mecklenburg da Charles Tumosa, sun shimfiɗa samfuran fenti tun 1978 suka bi su har shekara 28, suka tarar cewa fentin tutiya yana yin gautsi cikin 'yan shekaru, ya zama ba ya iya miƙewa ko kaɗan sai ya tsage, alhali farin dalma mai shekaru iri ɗaya da nasa yana nan yana lanƙwasa. Tutiyar tana haɗuwa da wani sashe na man ta haifar da wani abu mai kama da sabulu, wanda kan taru a tsakanin shafa da shafa ya raba su, sai fenti ya riƙa ɓamɓarewa falle-falle. Sakamakon irin wannan bincike ne kamfanin da ke yin fentin Williamsburg ya cire tutiya daga mafi yawan launukansa a 2018. Idan haka take faruwa a ƙasashen da gidajen tarihi ke tsare laimar iska a kusan kashi 50 cikin 100 duk shekara, to a filin Mandara abin ya fi muni, domin laima takan sauka ƙasa da kashi 20 a ƙarshen hunturu, zafi ya wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sannan a watan Agusta laimar ta haura kashi 70. Akokon da ake ɗaurawa a firam, irin yadin auduga da masaƙar CICAM ta Garwa ta daɗe tana saƙawa, yana saki yana ɗaurewa tare da waɗannan sauye-sauye, katakon firam ma yana kumbura yana motsewa, kuma duk wannan motsi fatar fentin ce ke ɗaukarsa. Farin tutiya mai kauri a ƙasan zane, a wannan yanayi, tsagewa ce da aka riga aka saya.

Farin titaniyam shi ne auta, kuma shi ne ya mamaye duniya. An gano ƙarfen a Ingila a 1791, amma sai wajen 1916 zuwa 1920 masana'antu a Norwe da Amurka suka fara fitar da hodarsa da yawa, nau'in da ya fi inganci kuma, wanda ake kira rutil, bai shiga kasuwa sosai ba sai wajen 1940. Kamaru tana da hannu a wannan tarihi, domin an haƙi yashin rutil a ƙasar tsakanin 1935 da 1955, kuma a yankin Akonolinga kamfanin Eramet na Faransa ya karɓi izinin bincike a 2019 kafin ya janye a 2023, ta yadda ƙasar da ke da ma'adinin a ƙarƙashin kogunanta take sayen farinsa daga waje a cikin gwangwani. Sabuntar farin titaniyam ta sa ya zama shaida a kotu: ɗan damfarar Jamus Wolfgang Beltracchi ya zana wani hoto ya jingina shi ga Heinrich Campendonk da shekarar 1914, aka sayar da shi a Kolon a 2006 a kan kusan yuro miliyan 2.9, sai gwaji ya nuna titaniyam a cikinsa, aka yanke wa Beltracchi ɗaurin shekara 6 a 2011. Shi da kansa ya ce farin tutiya ya saya, bututun bai faɗi cewa an gauraya shi ba.

A kan allo titaniyam mai ƙarfi ne har ya wuce kima. Shafa ɗaya takan rufe baƙi, ba guba ba ne a cikin mai, ba ya tsada, kuma don farar babbar riga da rana ta tsakiya ta doka babu kamarsa. Amma ɗan kaɗan daga cikinsa yakan rinjayi launi mai yawa, ya sanyaya shi ya kashe masa rai, kuma a nan ne masu koyo suka fi faɗawa wajen zana fuskar baƙar fata: suna neman hasken kunci da goshi, su ɗebo titaniyam su zuba a ruwan ƙasa, fuskar ta fito furu-furu babu jini a cikinta. Wanda ya ƙware yakan ɗaga hasken fata da rawayar ƙasa da jar ƙasa tukuna, ya ajiye tsantsar farin don ɗigon ƙyalli a ido ko a karan hanci. Ita ma farar rigar, idan an lura da ita da kyau a filin idi, ba fara ba ce duka, inuwar ninkinta shuɗiya ce daga sama, gindinta kuma yana ɗauko jan ƙasar da mai ita yake tsaye a kai. Titaniyam ba ya haɗuwa da mai yadda dalma ke yi, saboda haka fatarsa takan yi laushi kuma bushewarsa takan ɗauki kwana 3 zuwa 5, kuma don gyara wannan ne kamfanoni da yawa suke zuba masa tutiya, wani lokaci ba tare da sunan da ke gaban bututun ya nuna ba. Tsohon nau'in titaniyam mai araha, wanda ake kira anatas, yana cin man da ke riƙe da shi idan rana ta daɗe tana dukansa, abin da kowa zai iya gani idan ya shafa yatsa a kan tsohon allon shago ya ga farin gari ya biyo shi.

Mafi yawan farin da ake aiki da shi a garuruwa irin Mora da Kolofata ba na bututu ba ne, na gwangwani ne, wato fentin mai sheƙi da ake shafa wa ƙofa da taga. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Picasso ma ya yi zane da fentin gida na Ripolin, kamar yadda binciken da gidan tarihin fasaha na Chicago ya yi tare da cibiyar Argonne ya tabbatar a 2013. Fentin gwangwani na yanzu ana yin sa ne da wani ƙaro na masana'anta da ake kira alkid, yana bushewa a yini ɗaya, yana bajewa ya shafe sawun burushi, kuma a kan ƙarfe ko katako yana yin aikinsa. Idan aka tula shi da kauri kuwa samansa kan bushe cikinsa na ɗanye, ya yamutse, kuma da shekaru yakan yi tauri fiye da abin da ƙyalle zai iya ɗauka. Akwai kuma fararen ɗalibai masu araha waɗanda aka cika da alli ko da litofon, haɗin tutiya da farar wuta da bariyam da ya shiga kasuwa a shekarun 1870, waɗanda ke da kyau a bakin bututu amma sai an shafa sau 3 kafin su rufe abin da titaniyam na gaske ke rufewa sau ɗaya.

Sunan da ke gaban bututu ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani yana raɗa wa hajarsa abin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne 'yar lambar da ke baya, wadda ɗaya ce ko da Faransanci aka rubuta sauran bayanin ko da Ingilishi: PW1 dalma ce, PW4 tutiya, PW5 litofon, PW6 titaniyam, PW18 alli. Bututun da ke ɗauke da PW6 da PW4 tare gauraye ne, wanda babu lamba a jikinsa kuwa sai gwaji. Gwajin ba shi da wuya. Akan samu guntun akoko da aka yi wa shimfiɗa, a ja baƙin layi mai faɗin yatsa biyu a tsakiyarsa, a bari ya bushe, sannan a shafa kowane fari da wuƙar fenti ya gitta layin da kauri iri ɗaya, a rubuta sunansa da ranar a ƙasa. Ƙarfin rufewa yana bayyana nan take daga yadda baƙin ke leƙowa. A gefe kuma akan gauraya kowanne da ɗigon shuɗi daidai wa daida don a ga wanda ya fi cinye launi, a riƙa taɓa su da bayan yatsa kowace safiya don sanin ranar bushewa, a rufe rabin kowane da kwali don a gane mai rawaya a duhu. Bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya sai a lanƙwasa ƙyallen a kan sanda a saurara, domin mai gautsi yakan yi ƙara kafin ido ya ga tsagar.

Kusan duk abin da aka sani game da tsufan waɗannan farare an auna shi ne a ɗakunan gwaji na Turai da Amurka, kuma zai zama babban aiki mai ƙaramin kuɗi idan makarantun zane na Garwa da Marwa, ko sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ya daɗe yana yaye masu fentin mai, suka rataye irin waɗannan samfura a ɗaki marar na'urar sanyaya iska suka bi su shekara 10. Kafin nan, abin da hujja ta fi goyon baya ga mai zane a wannan yanki shi ne ya gina aikinsa da titaniyam zalla da aka kwaɓa da linsid, ko da farin alkid na masu zane idan ƙura ta matsa, ya ajiye tutiya don siririyar shafa ta sama inda ake son hazo, ya yi manyan ayyukan da yake son su daɗe a kan katako maimakon ƙyalle. Idan kuma dole ne a naɗe zane don a kai shi Marwa a bayan babur, ko a sa shi a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, to a bari ya yi watanni da bushewa, a naɗe shi a kan bututun roba mai faɗi fentin yana fuskantar waje, domin tsagar da ta buɗe ta wannan fuska takan rufe idan an warware, wadda ta matse ta ciki kuwa takan ɗaga fentin ya zube.